Tukunyar da Dado Ta Kife

Ollelewa, watan azumin tsofaffi

Zuwa ga Mukhtar ɗan Kawu Sule, a Damagaram.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da matarka Zuhaira. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke taɓa ta in ta daɗe a tsaye. Maigidana Aliyu ya tafi Tarka sayen awaki, ƴarmu Firdausi tana lakwal, makarantar boko. Gaisuwa ta ƙare nan, don ba ita ta sa na sayi takarda ba.

Na kira ka sau bakwai ba ka ɗauka ba. Na aika maka murya a waya, ka saurara ka yi gum. To ga takarda, Rissa direban motar kasuwa zai sa maka ita a hannu. Murya ana goge ta, takarda kuwa tana nan.

Ranar kasuwar Tanut na sauka da ƙwaryar daddawa a kaina, sai na ga mata masu ƙosai suna nuna ni suna ƙus-ƙus. Na waiga. Innalillahi! Hotona ne a bangon butikin Abdulhafiz, shagon nan na kasuwa, kaina ya fi faifai girma, baki har kunne, ga ludayi a hannuna. A ƙasa an rubuta da ja: "Lantana ƴar Dado ta ce, sirrin miyata Mai Zabuwa." Mukhtar, yaushe na ce? A gaban wa na ce?

Kai ka tako har gidanmu bayan kaka, ka ce ka samu aiki a kamfanin dunƙulen miya Mai Zabuwa, za ku yi gasar girki a Tanut, in zo in fid da kai kunya. Na je don kai taubashina ne, uwata da ubanka ciki ɗaya. Na kaɗa miyar kuka, na ci gasa, kuka ba ni tukunyar ƙarfe da turmin zane mai hoton zabi. Ka miƙo mini takarda da Faransanci ka ce shaidar karɓar kado ce, wato kyautar gasa, na sa hannu. Ka ɗaga waya ka ce in yi murmushi a nuna wa Zuhaira. Ashe sayar da ni kake yi ina washe baki.

Kuma ka san abin da ya sa miyar nan ta yi daɗi. Kana tsaye a kaina lokacin da na kwance haɓar zanena na jefa curin daddawar Inna a tukunya, a zatona ba wanda ya gani sai kai. Har ƙifta mini ido ka yi.

Shekara arba'in da ɗoriya Inna tana dafa gurguzun yakuwa tana yin daddawa. Daga Falanko har Tarka, in mace ta ce "a ba ni ta Dado" ba sai ta ƙara bayani ba. Ranar nan tun hantsi nake zaune har la'asar, curi tara na sayar. Fatu maƙwabciyarmu, wadda uwarta da kakarta ba su taɓa kaɗa miya da wata daddawa ba, ta tsaya a kaina ta ce, "Ke da kika bar ta, mu za ki liƙa wa?"

Labari ya riga ni isa gida. Na tarar Inna ta juye gurguzun da ke kwance cikin babbar tukunyar ƙasa, wadda ta gada wurin uwarta, ta zubar a juji. Ta kife tukunyar a tsakar gida ta ɗora mata dutse. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Yau kwana goma sha ɗaya, ban da "ina kwana" ba abin da ke shiga tsakaninmu. Tukunyar nan ita ce abincinmu, ita ce kuma aka ce in Inna ta gaji za ta zama tawa.

Ka sa a cire hotunan nan, duka, har na bayan gari. Ba roƙo nake yi ba.

Lantana


Damagaram, farkon watan azumi

Zuwa ga baiwata Lantana.

Wa alaikumus salam. Takarda ta iso, na kuma ji zafinta tun kafin in buɗe. Muna lafiya. Ki gai da Gwaggo Dado, ki ce Allah Ya ƙara sauƙin ƙafa. Ki gai da Aliyu mai awaki, mijin tauraruwar Damargu.

Haba Lantana! Mata nawa ne a ƙasar nan za su ba da ɗan kunnensu don a liƙa su a bango? Ke an liƙa ki kyauta kina kuka. Wallahi hoton ya fi ki kyau, mai na'ura ya gyara miki hanci. Kuma tun yaushe taubashi yake neman izini? Ni ɗan namiji ne, ke ƴar mace, ni ubangida, ke baiwa, tun muna yara nake ƙwace miki fura a hannu, Gwaggo tana kallo tana dariya. Yanzu don na ɗauki fuska sai ya zama shari'a?

Maganar cirewa kuwa, ba ta hannuna. An buga dubu uku. Suna Tanut, suna Belbeji, har kan hanyar Agadas. Takardar da kika sa wa hannu tana biro, ofishinmu, a kulle. A horon da aka yi mana an ce mace ba ɗanɗano take saye ba, fuskar da ta yarda da ita take saye. Shi ya sa na ce musu in dai Damargu ce, a nemo gidan Dado. Ni na kawo shawarar, kuma kayanmu sun ninka uku a yankin. Shef ɗinmu, shugaban biro, ya dafa kafaɗata a gaban kowa, aka ba ni moto, babur na aiki.

Ki duba da idon basira. Dala biyar mace ta ɓare takarda ta jefa, an gama. Ba itace, ba kwana uku ana jiran abu ya ruɓa, ba wari a zane. Duniya tana tafiya, ƴar Gwaggo. Fushin tsofaffi kuwa na ɗan lokaci ne. Ga sukari da ganyen shayi nan wurin Rissa, ki kai mata na shan ruwa, ki ce inji ɗanta.

Naki har kullum, ubangidanki,
Mukhtar

Af, na kusa mantawa. Wannan tsakanina da ke ne. Zuhaira tana da juna biyu, ko warin Mai Zabuwa ta ji sai amai. Ni ma in gaya miki gaskiya tuwo ba ya wuce mini da shi, gishiri ne da launi, kwali biyu da aka ba ni kyauta suna ƙarƙashin gado. Gidana ba a kaɗa miya sai da ta Gwaggo Dado. Ki aiko mini da curi talatin, ki naɗe su da kyau kada a ji wari a biro.


Ollelewa, tsakiyar watan azumi

Mukhtar,

Barka da shan ruwa. Muna lafiya, sai zafi. Yaya Zuhaira? Ka gaishe ta, Allah Ya raba lafiya. Ita ba ta yi mini komai ba.

Na karanta takardarka sau uku. Na farko a tsaye na karanta ta. Na biyu na yi kuka. Na uku, da na zo ƙarshenta, wurin "af, na kusa mantawa", sai na ji hawayen sun bushe ƙaf. Kai! Wato kai kana can kana lasar hannu da miyar Inna, kana cusa wa matan Damargu abin da ka tura ƙarƙashin gado?

Bari in gaya maka yadda duniyar taka take tafiya a nan. Safe da yamma rediyo yana waƙar zabuwa, har Firdausi ta haddace, kuma a lakwal sun daina kiran sunanta, sai "ƴar Zabuwa". Kun ce mai takardar dunƙule ɗari ta kawo a ba ta bokiti, mai ɗari uku a ba ta kula ta abinci. To mata sun haukace. Fatu shida take jefawa a tukunya ɗaya don takardu su yi saurin cika, miya ta zama kanwa, yara suna kwankwaɗar ruwa kamar raƙuma. Da kuɗin cefane suka ƙare, ta auni tiya biyu ta hatsi daga rumbu ta kai kasuwa, a cikin wannan rani, mijinta bai sani ba. Ta samu bokitin. Kwana tara ya yi ya tsage a bakin rijiya. Ka san abin da ta ce? Wai yanzu kula take hari.

Har gidana abin ya shigo. Aliyu ya dawo daga Tarka, ina wanke rigarsa na ji abu a aljihu. Dunƙule biyar. Wai mai butiki ba shi da canji sai ya ba shi su. Na jera masa su a akushi na rufe, da ya zo buɗe-baki abin da ya tarar ke nan. Bai sake ba.

Sukarinka da shayinka suna wurin Rissa, Inna ko kallonsu ba ta yi ba. Tukunya tana nan a kife. Kaji sun mai da ita wurin hawa. Jiya na ga Inna ta kore su, ta share bayanta da gefen mayafinta, ta koma ɗaki. Da ta ga ina kallo sai ta kau da kai.

Curi talatin suna cikin ƙullin nan, daga ɗan abin da ya rage na bara. Don Zuhaira na aiko, ba don kai ba.

Yanzu ka buɗe kunnenka. Takardarka na ninke ta na sa cikin tukunyar ƙarfen da kuka ba ni, na rufe, ba abin da na taɓa dafawa a ciki. Wallahi tallahi, Mukhtar, sai na tsayar da kai a gaban mutane yadda ka tsayar da ni a bango. Sai an nuna ka da yatsa an yi dariya. Ba wasa nake maka ba, kuma na rubuta da hannuna don kada gobe ka ce ban faɗa ba.

Lantana ƴar Dado


Damagaram, bayan Sallar Layya

Zuwa ga zakanya Lantana.

Barka da salla, Allah Ya maimaita mana. Muna lafiya, Zuhaira ta yi nauyi, tana gaishe ki tana godiya. Kada ki ce na share ki. Ƙullin daddawa ya iso tun cikin azumi, amma takardar ta faɗa bayan kujerar Rissa, sai da motarsa ta lalace aka kwance kujeru aka gan ta. Wata biyu da rabi tana yawo tsakanin Tanut da Damagaram.

Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Dunƙule biyar a akushi! Allah sarki Aliyu. Rantsuwarki kuwa, ai tun muna shekara bakwai kike rantsuwar sai kin jefa ni rijiya, ga ni nan ina shan ruwanta. Da zuciyarki ta yi baƙi da gaske da ba ki aiko da curi talatin ba. Na san baiwata, bakinta wuta, cikinta madara.

To ga magana mai daɗi. Ranar kasuwar Belbeji da ta dace da cika-ciki za mu yi babban taro, don lokacin kowane gida zai ɗora tukunya. Mota mai lasifika, rumfa, kujeru, kado ga mata. Babban darakta da kansa zai zo daga Yamai, kuma ya ce yana so ya ga matar hoton ido da ido, ta yi girki a gaban jama'a. In abin ya yi kyau, ni za a ba dukan yankin Damargu. Kin ga ga haihuwa tafe, ga haya, ba sai na yi miki dogon bayani ba.

Ki zo, don Allah. Ki ɗaura zanen zabin nan. Ki taho da abin nan a haɓar zane kamar wancan karo, kin gane. Kuma tunda watan taubasai ne, sharar da ƴar mace ke karɓa wurin ɗan namiji, bana zan cika miki hannu.

Ubangidanki,
Mukhtar


Ollelewa, ƙarshen watan Layya

Mukhtar,

Lafiya lau muke. An yi ruwa sau biyu, mun yi shuka. Inna tana nan yadda ka sani, tukunya ma haka.

Zan zo. Zan ɗaura zanen, zan taho da tukunyar ƙarfen da abin da ke cikinta. Ka tanadi murhu biyu. Sharata kuwa da kaina zan karɓa, kada ka wahalar da aljihunka.

Abin da na rubuta maka cikin azumi yana nan, ban janye ko harafi ɗaya ba. Wannan ne karo na biyu da na gaya maka.

Lantana


Ollelewa, washegarin cika-ciki

Zuwa ga ubangidana Mukhtar.

Ina gajiya? Ina fatan ka isa gida lafiya. Ni dai na iso lafiya, na yi barcin da rabona da shi tun watan azumin tsofaffi.

Na san kana wurin, amma na ga idonka ya rufe tun tsakiyar abin, to bari in rubuta maka shi ka ajiye, kai ma ka samu abin ninkewa.

Ka tuna yadda ka riƙe mini mikro da hannunka? Kasuwar Belbeji ta cika maƙil, mata har kan amalanke, daraktanku yana gaba da farar shadda yana fifita da hotona. Na ce, "Jama'a, wannan ɗan kawuna ne, ni ƴar gwaggonsa ce, ga shi watan cika-ciki ya kama. Akwai mai fushi da wasan taubasai?" Kasuwa ta amsa, "Babu!" Na juyo na tambaye ka, kai ma ka ce babu, kana dariya, kana kallon darakta kana jin daɗi.

Na ɗora tukunya biyu. Kuka ɗaya, ruwa ɗaya, barkono ɗaya. Ta dama na ɓare mata dunƙulenku uku, na ɗaga kowa ya gani. Ta hagu na juya baya na yi abin da ka ce in yi. Na zuba wa darakta a kwano biyu. Ya ɗanɗana ta dama ya gyaɗa kai. Ya ɗanɗana ta hagu, ya sake kai cokali, ya sake, sannan ya ɗaga kwanon sama ya ce wannan ita ce miya. Sai na kwance haɓar zanena na ɗaga curin Inna sama da kaina. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba ko ƙwayar zabuwa a ciki. Ta Dado ce. Ita ta ci gasar Tanut, ita ta ci ta yau."

Wata tsohuwa daga can baya ta rangaɗa guɗa. Kai kuwa ka kai hannu za ka karɓe mikro, na ce, "A'a, ubangida, ban karɓi sharata ba tukuna." Na zaro takardarka daga ƙirjina, inda na mai da ita kafin in ɗora tukunyar. Na karanta a hankali, yadda malamin yaƙi da jahilci ya koya mana, daga "wannan tsakanina da ke ne" har "kada a ji wari a biro". Da na zo wurin "gishiri ne da launi" sai da na maimaita, don lasifika ta yi ƙara. Wurin kwali biyu a ƙarƙashin gado kuwa, har masu raƙuma sai da suka riƙe ciki.

Kuma ka yi dariya, Mukhtar. Na gan ka. Gumi yana bin wuyanka, amma ka washe baki, don duk kasuwa ta ji ka ce babu fushi. Irin murmushin da na yi maka a Tanut ke nan. Yanzu ka san ɗanɗanonsa.

Curi goma sha shida na tafi da su, na ƙarshe a gidanmu. Kafin in sauko daga motar an wawashe su. Mata uku daga Tarka sun ce in kai musu ranar kasuwa mai zuwa. Ban tarar da Inna a farke ba, yau kuma tun safe tana gidan suna. In ta dawo zan zauna in ba ta labari tun daga farko, sannan mu ɗaga dutsen nan tare.

Na rantse, na cika. Alhamdu lillahi.

Lantana ƴar Dado


Damagaram, 17 ga watan cika-ciki

Lantana,

Salamu alaikum. Da sauƙi za a ce. Ki gai da Gwaggo.

Kin ci.  Da muka iso biro aka karɓi makullin moto, aka ba ni takardar sallama. A ƙafa na koma gida.

Ban rubuto don in ce ban yi laifi ba. Na ɗauki fuskarki ban tambaye ki ba, na ɓoye miki abin da kika sa wa hannu, kika yi kuka na mai da shi wasa. Sau biyu kika gargaɗe ni na ɗauka bakin taubashiya ne. Da kin tsaya a kan tukwane biyun nan, wallahi da na ce na cancanta.

Amma kin karanta sunan Zuhaira a lasifika. Kin gaya wa kasuwar Belbeji tana da ciki, tana amai. Cikin fari, yarinyar da ko a gaban uwarta ba ta iya ambatarsa. Wani ya ɗauka a waya, yanzu yana yawo a unguwarmu. In ta fita ɗibar ruwa sai ta ji ana cewa "a kawar da zabuwa, ga mai amai nan". Kwana biyar ba ta leƙa ƙofa ba. Kin ce ita ba ta yi miki komai ba, da hannunki kika rubuta. Watan haihuwarta ya kama, ni kuma ba aiki.

Hotunanki kuwa, kwantar da hankalinki, an fara cire su. Wata Hawwa daga Falanko za a liƙa, an riga an ɗauke ta. Kuma bayan kin sauka daga motar nan, matan da suka yi miki guɗa layi suka yi da takardunsu suna karɓar bokiti. Fatu tana cikinsu, ta samu kular.

Na yi dariya a gaban mutane don al'ada ta ce in yi. A takarda ba dole. Kada ki ƙara kira na ubangida, ni ma na daina ce miki baiwata.

Mukhtar


Ollelewa, ƙarshen watan cika-ciki

Mukhtar,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, hatsi ya kai gwiwa. Yaya jikin Zuhaira? Ka ce mata maganar da ta shafe ta, ban yi daidai ba. Bakina ya yi gudu ban tsaya ba. Abin da ya shafe ka kai kuwa, ko yau aka sake ba ni mikro zan sake karantawa. Kada ka zaci na sauko.

Na ba Inna labari kamar yadda na ce. Na zauna a gabanta na kwashe komai, har muryar darakta na kwaikwaya. Ba ta yi dariya ba. Da na gama ta ce, "Karanta mini takardar." Na karanta. Da takardarka ta ƙarshe ta iso, ita ma ta sa na karanta mata. Wata shida ba ta haɗa mini kalma goma ba, ranar nan ta yi magana har rana ta karkata.

Ta ce, "Ke kin zaci don hoto na kife tukunya? Hoto takarda ce, ruwa zai ci ta. Abin da aka gaya mini shi ne ƴata ta ɓoye ni a haɓar zane kamar kayan sata, ta jefa ni a tukunyar wasu tana waige-waige, don a ba ta turmin zane. Shi ya ɗauki fuskarki, ke wa ya tilasta ki ki ɓoye tawa?"

Na ce, "Inna, ai na ɗaga ki sama a Belbeji, kowa ya gani."

Ta ce, "Kin ɗaga ni don ki rotsa kan ɗan ƙanena da ni. Yaron da na yaye da hannuna, da tuwo da miyar nan. Shekara arba'in daddawata ba ta taɓa cire wa kowa loma daga baki ba sai a hannunki."

Sai ta tashi, da ƙafar nan tata, ta ɗage dutsen. Na yi wuf zan taya ta, ta ce in tsaya inda nake. Ita kaɗai ta birkice tukunyar, ta share cikinta da tsumma, ta sa hanci ta shaƙa. Wallahi zuciyata har ta yi fari, na ce a raina an gama, zan je in wanko gurguzu. Sai na ji ta ce wa Aliyu ya nemo buhu da ƙaiƙayi da igiya, a ɗaure ta da kyau, hanyar Damagaram akwai gargada.

Ta ce tunda ni na tsinke abincin gidanka, tukunyar nan gidanka za ta tafi. Ita ma Inna za ta bi ta, ta zauna wa Zuhaira wankan jego, in an yi arba'in ta koya mata aikin tun daga tankaɗen gurguzu har ruwan toka. Ta ce Damagaram birni ne, akwai ƴan Damargu da yawa da ke kewar miyar gida, kai kuma tunda ka iya talla, sai ka tallata abin da kake ci.

Na ce, "Ni fa, Inna? Matan Tarka suna jirana."

Ta ce, "Kina da taki ta ƙarfe. Da hannunki kika ciwo ta."

Jibi Rissa zai taho da su, ita a gaba, tukunyar a baya cikin ƙaiƙayi, da buhun gurguzu rabi. Ka je tasha da wuri ka tare su, kada ka bar masu dako su taɓa ta, da hannunka za ka sauke. A ajiye ta inda rana ba ta bugu. A gefen bakinta akwai tsohuwar tsaga da kakarmu ta liƙe, ba a ɗaga ta ta nan. Kuma ka gaya wa Zuhaira, ko Inna ta manta ba ta faɗa ba, ba a wanke cikinta da sabulu, ko sau ɗaya. Daɗin duk yana jikinta.

Wurin da take kife a tsakar gida ya bar zagaye a ƙasa. Na share shi da safe, na share da yamma, yana nan.

Lantana